Yadda Ake Kare Batirin Mota Mai Lantarki Daga Zafin Sakkwato

Daga watan Maris zuwa Mayu, ma'aunin zafi a Sakkwato kan haura digiri 40 kusan kullum, wasu ranakun har ya doshi 45, kwalta kuwa ta fi iskar zafi nesa ba kusa ba. A cikin wannan yanayi ne motoci da kekunan napep da babura masu aiki da lantarki suke shigo mana, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Garin nan ba baƙo ba ne a harkar. A 2021 hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci a Najeriya, lokacin tana hannun Jelani Aliyu, ɗan jihar nan da ya zana surar motar Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. To amma sayen abin hawa daban, riƙe shi daban. Batir shi ne kaya mafi tsada a jikin mota mai lantarki, kuma a ƙasa irin tamu babu abin da ke cin ransa kamar zafi.

Batirin litiyam ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 15 zuwa 35, wato zafin da ke takura wa jikinka shi ma yana takura masa. Yawancin masu ƙera ƙwayoyin batir, wato ƙananan batiran da ake haɗawa cikin akwati guda su zama batirin mota, sun sa digiri 45 a matsayin iyakar zafin da za a yi caji a kansa, digiri 60 kuma iyakar da za a ja wuta daga gare shi. Ka dubi 45 ɗin nan da kyau. A wata ƙasar lamba ce da ba a cika kaiwa ba, mu kuwa iskar da muke shaƙa da azahar a bazara ta kusa kai ta tun kafin batir ya fara aiki. Idan ya fara kuma, shi ma yana haifar da nasa zafin daga ciki, kuma wannan zafi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙarfin wutar: ka ninka wutar da ke ratsa shi sau biyu, zafin ya ninku sau huɗu. Ɓarnar ba ta bayyana rana ɗaya. A hankali wani ɓawo ke ƙara kauri a cikin kowace ƙwaya yana cinye litiyam ɗin da ya kamata ya ɗauki wuta, kuma abin ya fi sauri idan abu biyu suka haɗu, batir yana cike kuma yana da zafi. Duk matakan da ke tafe ƙoƙari ne na raba waɗannan biyun.

Mataki na farko: san irin sanyin da aka yi wa abin hawanka

Kafin komai, buɗe littafin motar, ko ka nemi nasa a intanet da sunan motar da shekararta, ka gano yadda aka tsara sanyaya batirinta. Hanyoyin ba su da yawa. Akwai wadda ba a sa mata komai ba, sai dai zafin ya fita ta jikin akwatin batir da kansa. Tsohuwar Nissan Leaf, wadda ta fara fitowa a 2010, ita ce sananniya a wannan layi, haka ma kusan duk keke da babur. Akwai wadda fanka ke zuƙo iskar cikin mota ta hura wa batir, kamar Toyota Prius da sauran motoci masu haɗa fetur da lantarki. Akwai mai ruwa, inda famfo ke zagaya ruwan sanyaya ta cikin faranti ko siraran bututu da ke manne da ƙwayoyin, kamar Tesla, Chevrolet Bolt da Hyundai Kona, wadda aka fara haɗa irinta a Legas a 2020. Sai kuma 'yan kaɗan irin BMW i3 da gas ɗin iyakwandishan ke shiga akwatin batirin kai tsaye.

Idan ba ka riga ka saya ba, shawarata a fili take: a Sakkwato ka nemi mai ruwa. Labarin Leaf ya isa darasi. A 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka, inda zafin bazara ya yi kama da namu, suka fara kukan batirinsu na raguwa da wuri, har kamfanin ya sauya haɗin batirin zuwa wanda ya fi jure zafi. Wanda ya riga ya mallaki irinta kada ya karaya, sai dai ya san cewa aikin da famfo ke yi wa wasu, shi da hannunsa zai yi, ta hanyar zaɓen lokaci da wuri.

Ka kuma binciki sinadarin batirin. Mai suna LFP, wanda ke cikin motocin BYD da yawa da wasu Tesla da kekuna masu kyau, ya fi jure zafi kuma ya fi wuyar kamawa da wuta. Mai suna NMC ya fi ɗaukar wuta a ƙaramin jiki, amma ya fi son lallaɓawa. Wannan bambanci zai dawo a maganar caji.

Mataki na biyu: riƙa ganin zafin da idonka

Abin da ba ka auna ba, ba za ka iya sarrafa shi ba. Tsohuwar Leaf tana da ma'aunin zafin batir a gaban direba, mai gaɓoɓi 12 da jan yanki a sama. Motoci da yawa kuwa ba sa nuna komai sai abu ya ɓaci. Maganin wannan 'yar na'ura ce mai suna OBD2, ba ta kai akwatin ashana biyu ba, ana soka ta a wata kafa da ke ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da wayarka ta Bluetooth. Da manhaja irin LeafSpy ga masu Leaf, ko Car Scanner ga sauran, za ka ga zafin batir da lambobi, da lafiyarsa cikin ɗari, da bambancin da ke tsakanin ƙwayoyinsa. Idan za ka sayi 'yar Kwatano, kada ka biya kuɗi sai ka soka wannan na'ura ka ga lafiyar batirin, domin fenti mai sheƙi ba ya faɗin abin da ke ƙasa.

Mai keke ko babur ya nemi na'urar auna zafi mai kama da bindiga. A kula: irin wadda aka riƙa nuna wa mutane a goshi lokacin korona an yi ta ne don jikin mutum, da yawansu ba sa karanta abin da ya wuce digiri arba'in da 'yan kai. Ta masu gyaran injin ake so. Ka auna jikin akwatin batir da safe kafin fita, da azahar, da lokacin da ka dawo, ka yi haka na mako guda, za ka san halin batirinka. Ka riƙe a ranka cewa cikin batir ya fi bayan akwatin zafi. Idan baya ya nuna 42, ciki ya riga ya kai inda ba a son caji.

Mataki na uku: inda za ka ajiye ta

Mota ta fi daɗewa a tsaye fiye da a tafe, don haka wurin ajiya ya fi tuƙi tasiri. Batir a ƙarƙashin mota yake, tazararsa da ƙasa ba ta wuce taki ɗaya ba. Kwalta ko siminti da suka sha rana tun hantsi suna turo masa zafi daga ƙasa, rana kuma tana gasa motar daga sama. Littafin Leaf da kansa ya yi gargaɗin kada a bar motar a wurin da zafi ya haura digiri 49 fiye da awa 24, kuma garejin kwano da aka rufe ruf a watan Afrilu ba ya nesa da haka.

Inuwar dogon yaro a kan turɓaya ta fi ko'ina. Idan rumfa za ka yi a gida, ka ɗaga ta sama, ka bar gefe biyu a buɗe iska ta ratsa, ka shimfiɗa zana ko silin a ƙarƙashin kwanon don ya tare hucin da kwano ke saukarwa. Ka lura da inda rana ke faɗuwa, domin ranar la'asar da ke shigowa a karkace ta gefen yamma ita ce ke samun mota ko tana cikin rumfa. A bazara, lokacin da iska ta bushe ƙamas, yayyafa ruwa a ƙasan rumfar da yamma yana rage zafin wurin sosai. A ƙasa na ce, ba a jikin batir ko caja ba. Wanda ke wuni a kasuwa ko ofis ya nemi inuwa ko da zai ƙara 'yar tafiya a ƙafa, ya kuma sa abin tare rana a gilashin gaba, musamman mai motar da fankarta ke zuƙar iskar cikin mota.

Idan za ka yi doguwar tafiya, kamar aikin Hajji ko Umara, kada ka cika batir don ka same shi cike in ka dawo. Ka bar shi wajen kashi 50 cikin ɗari, a inuwa. Wasu kamfanoni, irin Tesla, suna son a bar motar a jone da wuta an sa mata iyakar caji, don ta riƙa kula da kanta. Ka bi abin da littafin taka ya ce.

Mataki na huɗu: caji, inda yawancin ɓarna take

Al'adar da muka saba da ita daga waya ita ce da an dawo gida a jona, a bar shi har ya cika. Ga mota a Sakkwato wannan ita ce hanya mafi muni. Ka dawo da magariba, batir ya wuni yana aiki cikin rana, yana kan ƙololuwar zafinsa, sai ka ƙara masa na caji, ya cika kafin tsakar dare, ya kwana a cike yana huci. Batirin mota kuma ba ƙaramin abu ba ne, na Leaf ma ya kai wajen kilo 300, don haka ba ya hucewa cikin minti goma. Awoyi yake ɗauka.

Ga yadda ya kamata. Ka dawo, ka ajiye ta a wuri mai iska, ka bar ta ta huta har bayan isha'i, ko fiye idan wuta za ta ba ka dama. Kusan duk motocin nan suna da agogon caji a cikin allonsu ko a manhajar waya. Ka saita shi yadda cajin zai ƙare wajen asuba, domin lokacin ne iska ta fi sanyi a duk yini, kuma daga cikarsa zuwa fitarka babu nisa. Lissafin ba wuya. A ce batirinka mai kilowat-awa 60 ne, wato yawan wutar da yake ɗauka ke nan, kana son ɗaga shi daga kashi 20 zuwa 80. Kashi 60 cikin ɗari na 60 shi ne 36. Idan cajar gidanka mai kilowat 7 ce, awa biyar da 'yan mintuna ke nan, ka ƙara kaɗan saboda asarar da ake yi a hanya. Ka fara sha ɗaya na dare, ka gama kafin kiran salla.

Sai iyakar cikawa. Mai NMC ya tsaya a kashi 80 don zirga-zirgar yau da kullum, kada kuma ya riƙa barin sa yana sauka ƙasa da 20. Ranar da za ka Birnin Kebbi ko Gusau kana buƙatar ɗari bisa ɗari, ka cika, amma ka daidaita yadda zai cika daf da tashinka. Mai LFP yana da sassauci: masu ƙera shi kan so a riƙa kai shi ɗari lokaci-lokaci, Tesla ma ta ce aƙalla sau ɗaya a mako, domin ƙwaƙwalwar da ke kula da batir, wadda ake kira BMS, ta iya lissafin abin da ya rage daidai. Ko shi ɗin, ka zaɓi daren da washegari za ka fita da wuri, kada ya wuni a cike cikin rana.

Na san tambayar da ke bakin mutane da yawa: wanda ya dogara da sola fa? Wutarsa da rana take zuwa, daidai lokacin da ake cewa kada a yi caji. Wannan matsala ce ta gaske kuma ba ta da magani guda. Wanda ke da batiran gida masu yawa zai iya tara wuta da rana ya juye wa motar da dare, sai dai hakan na buƙatar jari. Wanda ba shi da su, ya fara da sassafe da zarar faranti sun fara kawo wuta, lokacin batir yana ɗauke da sanyin dare, ya yi amfani da awoyin hantsi, ya dakata idan rana ta take tsaka. Motar ta kasance a inuwa ko da faranti suna rana, a ja waya mai kauri daidai da wutar zuwa rumfa. Ya kuma rage ƙarfin cajin daga allon motar ko jikin cajar. Ka tuna lissafin nan na ninki huɗu, yana aiki ta baya ma: ka rage wutar zuwa rabi, zafin da caji ke haifarwa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Haka nan wanda wutar NEPA ba ta zo masa sai da rana, abin da zai yi ke nan.

Caji mai sauri, irin na tasha mai kilowat 50 ko fiye, na ranar tafiya ne. Idan dole ne, ka yi shi da safe ko da dare, ka tsaya a kashi 80, domin daga nan sama cajin yana jan jiki kuma batir na shan wahala. A mota mai ruwa za ka ji fanka na ruri da kwamfireso na aiki lokacin da ake cajin, kada ka tsorata, aikinsu suke yi. Abin tsoro shi ne ka ji shiru a rana mai zafi. Wasu motocin idan ka sa tashar caji a taswirarsu sukan fara daidaita zafin batir tun a hanya, ka yi amfani da wannan idan taka tana da shi. Mai Leaf kuwa ya guji cajin sauri sau biyu a jere a yini guda, domin zafin na farko bai fita ba, motar da kanta za ta rage gudun cajin don kare kanta.

Abu ɗaya da ake mantawa: soket ɗin bango. Irin namu mai ƙafa uku an yi shi ne don amfiya 13, kuma jan wuta na awa takwas babu tsayawa, ba irin aikin dutsen guga ba ne. Bayan rabin awa da fara caji ka taɓa filogin. Ɗumi kaɗan ba laifi, amma idan ba ka iya riƙe shi, ko ka ga roba ta fara canza launi, ka kashe. Ka sa ƙwararren mai gyaran wuta ya ja wa motar layinta daban da waya mai kauri da wayar ƙasa, a bar jone-jonen waya irin na kasuwa.

Mataki na biyar: tuƙi

Nan babu dogon bayani. Fizgar mota da gudu mai yawa su ne ke jan wuta mai ƙarfi. A kan doguwar hanya da rana, rage gudu daga 120 zuwa 90 yana rage zafi kuma yana ƙara nisan da za ka kai. Ka sa ta a tsarin tattali, ka duba iskar taya da safe, ka kama hanya bayan asuba idan da hali. Kafin ka fita, kunna iyakwandishan tun motar tana jone, don wutar bango ta ɗauki nauyin sanyaya ta. Idan alamar kunkuru ko saƙon rage ƙarfi ya fito, motar tana gaya maka batir ya yi zafi ko ya yi ƙasa sosai. Ka nemi inuwa ka tsaya. A mota mai ruwa, barin ta a kunne a tsaye na ɗan lokaci yakan ba famfo da fanka damar ci gaba da aiki.

Mataki na shida: ƙura, ruwa da gas

Hunturu yana kawo mana sauƙin zafi, amma yana barin ƙura a kowace kafa, kuma ƙurar da ta taru daga Nuwamba zuwa Fabrairu ita ce ke toshe hanyar iska daidai lokacin da bazara ta shigo. Don haka ƙarshen Fabrairu shi ne lokacin babban duba. Ka leƙa ta ƙasan bambar gaba da tocila. Za ka ga lagireto da kwandensa, faranti masu siraran haƙora kamar matsefi, sau da yawa cike da ƙura da busasshen ganye da gutsuren leda. A kashe motar, a cire ta daga caji, a hure su da iska ko a wanke da ruwa mai taushin fita. Injin wanki mai ƙarfi yana lanƙwasa haƙoran, kuma kada a kuskura a nufi akwatin batir ko mahaɗar wayoyi da shi. Ka gaya wa yaran wankin mota wannan da bakinka, ka tsaya ka ga sun kiyaye.

Mai mota irin Prius ya duba gefen kujerar baya ko ƙasanta, akwai wata 'yar taga mai raga, ta nan fanka ke shaƙar iska. Buhu, darduma ko gefen babbar riga na iya rufe ta ba a sani ba. A buɗe ta a share ragar ko matatar da ke ciki, domin a garinmu takan cika da ƙura da zare har ta zama kamar auduga. Idan kana jin fankar na ƙara daga baya fiye da da, alama ce ta toshewa. A irin wannan mota kunna iyakwandishan ba jin daɗin fasinja kaɗai ba ne, iskar da kuke sha ita batir ke sha.

Ruwan sanyaya kuma, ka duba robarsa da safe motar tana sanyi, ya kasance tsakanin layin ƙasa da na sama. Haɗi ne na ruwa mai tsabta da sinadarin gilaikol, kuma wasu motoci, ciki har da wasu na Hyundai, suna amfani da wani na musamman wanda ba ya ɗaukar wutar lantarki sosai. Kada a zuba ruwan rijiya, na burtsatse ko fiya wata. Gishirin da ke cikinsu yana toshe siraran hanyoyin, yana sa tsatsa, yana kuma ɗaukar wuta. Kada a haɗa kala biyu. Wannan tsari a rufe yake, ba ya shan ruwa kamar tsohuwar mota mai tafasa, don haka idan ka ga yana raguwa to yoyo yake, kuma idan ba ka ga ɗigo a ƙasa ba, yana iya zama cikin akwatin batir yake zuba. Wannan ba abin ƙara ruwa a ci gaba da tafiya ba ne, abin kai wa masani ne a ranar.

Maganar iyakwandishan ita ce na fi son masu mota su riƙe. A motar fetur, idan gas ya ƙare sai a sauke gilashi a yi haƙuri. A mota mai lantarki mai ruwa, idan iskar waje ta kai digiri 43, lagireto ba zai iya sauke ruwa ƙasa da 43 ba, domin da wannan iskar yake sanyaya shi. Abin da ke sauke shi ƙasa da haka wani ɗan akwati ne inda gas ɗin iyakwandishan ke karɓe zafin ruwan batir. Ma'ana, ranar da iyakwandishan ɗinka ya daina sanyi, batirinka ma ya rasa mai sanyaya shi. Ka gyara da wuri, kuma ka kula da wanda zai gyara. Kwamfireson waɗannan motoci da babbar wuta yake aiki, yana buƙatar mai na musamman da ba ya ɗaukar lantarki, yawanci irin POE. Man PAG da aka saba zuba wa motocin fetur, ko ragowarsa a tiyon mai gyara, yana iya lalata kariyar wutar har motar ta ƙi tashi. Ka tambayi mai gyaran kai tsaye: “Malam, wane mai za ka sa, kuma tiyon nan an yi aikin motar fetur da shi?” Idan ya ce ai duk ɗaya ne, ka yi masa godiya ka ƙara gaba. A duba takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet don sanin irin gas ɗin, R134a ne ko R1234yf.

Ƙaramin batir mai volt 12 ma yana nan, shi ke tayar da kwamfutocin motar, kuma zafi na kashe shi da wuri, a riƙa gwada shi. Wayoyi masu ruwan lemo kuwa suna ɗauke da volt 400, wasu motocin 800. Ko kai, ko rewaya da bai samu horo a kansu ba, kada wanda ya taɓa.

Mataki na bakwai: 'yan keke da 'yan kabu-kabu

Ku ne kuka fi kowa shiga rana, kuma batirinku ba shi da famfo ba shi da fanka. Ku dubi inda aka ajiye shi. A keke sau da yawa yana ƙarƙashin kujera cikin akwatin ƙarfe, kusa da na'urar da ke sarrafa wutar injin keken, wadda ita ma zafi take fitarwa. Kada a cusa tsumma, leda ko kayan aiki a wurin. Idan akwai kafofin iska a bar su a buɗe, idan rana na dukan akwatin kai tsaye a yi masa inuwa da abin da ba zai manne da shi ba, a bar tazara iska ta wuce. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu ko a kwara masa ruwa. Akwatunan nan ba duka ke hana ruwa shiga ba, kuma ruwa a cikin batir ya fi zafi haɗari.

Lodi fiye da ƙima, musamman a hawa ko cikin rairayi, yana sa batir ya ba da wuta mai yawa na dogon lokaci. Hutun azahar da ake yi a inuwa, batir ma ya samu rabonsa: a bar shi ya huce aƙalla rabin awa kafin a jona, a auna, idan bai sauka ba a ƙara jira. Na san kowane minti kuɗi ne ga mai biyan balas, amma kuɗin sabon batir ya fi na fasinja biyu da za a rasa. Wanda ke da batir biyu ya fi kowa dacewa, ɗaya na aiki ɗaya na hutawa. A yi amfani da cajar da ta zo da batirin. Cajar batirin ruwa ba ta litiyam ba ce, kuma ko a cikin litiyam ta LFP daban ta NMC daban, ko da duka an rubuta musu volt 60 ko 72. Idan ƙwaƙwalwar batir tana yanke wuta da rana, kada a bari wani ya cire ta ya haɗa kai tsaye da sunan gyara. Ita ce ke tsaye tsakaninka da gobara. Batirin da ake cirewa a shiga da shi gida kuma, a yi cajinsa a kan siminti a fili ko baranda, nesa da katifa da galan ɗin fetur, kada a ɗakin kwana ko a zauren da shi ne kaɗai hanyar fita.

Idan abu ya ɓaci

Alamomin da ba a jira a kansu su ne kumburin batir, wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadarin goge farce, ƙarar tsiyaya ko fashe-fashe daga ciki, zafin da ke ƙaruwa bayan an kashe komai, da farin hayaƙi. Haka nan idan ƙasan motar ya daki dutse da ƙarfi, ko ta shiga ruwa mai zurfi da damina, a ajiye ta a fili har masani ya duba, domin lahanin na iya ɗaukar kwanaki kafin ya bayyana. Idan ƙwaya ɗaya ta wuce iyaka, 'yar fatar da ke raba ɓangarorinta biyu tana narkewa a wajen digiri 130, ƙwayar ta kama, ta kunna ta kusa da ita, haka har akwatin duka.

Da ka ga hayaƙi, kashe wuta daga bango idan za ka iya ba tare da kusantar batirin ba, fitar da kowa, ku koma ɓangaren da iska ke fitowa, domin hayaƙin yana ɗauke da guba mai ƙona huhu. A kira 'yan kwana-kwana a gaya musu tun a waya cewa batirin litiyam ne. Ƙaramar tukunyar kashe gobara tana iya kwantar da harshen wutar, amma ba ta sanyaya cikin batir, ruwa mai yawan gaske ake buƙata na dogon lokaci, kuma wannan aikinsu ne. Bayan wutar ta mutu tana iya sake tashi bayan awoyi ko kwanaki, don haka a ja abin hawan zuwa fili, aƙalla mita 15 daga gini ko wata mota, a hana yara zuwa wurin har sai wanda ya san aikin ya zo ya ɗauke batirin.